Wa Zai Bi wa Malboliyo Hakkinsa? Sake Duban Daren Sha Biyu

A shekarar 1971 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Daren Sha Biyu, fassarar da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasannin barkwanci na Wiliyam Shekspiya. Bahaushen da ya ji sunan littafin kafin ya buɗe shi, zuciyarsa za ta tafi ga daren sha biyu ga watan Rabi'ul Awwal, daren Maulidi. Na mutanen Ingila daban yake. Shi ne daren da suke rufe shagalin Kirsimeti a farkon watan Janairu, daren ci da sha da shiririta, inda bara kan ɗare kujerar ubangidansa ana dariya, gari ya waye kowa ya koma matsayinsa. Mu ma mun san irin wannan. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa nasu sarakunan bayan an kawar da amfanin gona. A tashe yaro kan manna gemun auduga ya tsokani malam, babu mai cewa ya yi rashin kunya, don kowa ya san wasa ne, kuma yana da wa'adi.

Tambayar da wannan wasan kwaikwayo ya bar mana ita ce: idan wa'adi ya cika, aka duba aka ga wanda aka yi wasan da shi bai yi dariya ba, alhakinsa yana wuyan wa?

Ga labarin a taƙaice, da sunayen da Shekspiya ya raɗa wa mutanensa. Jirgin ruwa ya kife da tagwaye, Biyola da Sabastiyan, kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya halaka. Biyola ta tsinci kanta a ƙasar Iliriya, ta yi shigar maza, ta kira kanta Sizariyo, ta shiga barantakar Sarki Orsino. Orsino yana son Olibiya, 'yar babban gida da ta gaji dukiyar ubanta da ta wanta. Ya riƙa tura Sizariyo zance a madadinsa. Olibiya ta kamu da son ɗan aike, ɗan aike kuma ya kamu da son ubangidansa. Sabastiyan ya bayyana, Olibiya ta aure shi tana zaton Sizariyo ne, asiri ya tonu, Orsino ya ce to shi Biyola zai aura. Wannan shi ne saman labari, kuma shi malamai suka fi tambaya a jarrabawa. Amma a ƙasan gidan Olibiya, tsakanin ma'aikata da 'yan cin arziki, akwai wani labarin da ya fi wannan nauyi.

Wasanninmu da aka buga aka karantar a makarantu, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, an gina su ne a kan gyaran hali. Ba raina su nake yi ba, akwai gwaninta a cikinsu da har yau ba a kamo ba, musamman ta fuskar sarrafa maganar mutanen kasuwa da na tsakar gida. Sai dai sun saba mana da wani abu: wani lokaci tun daga bangon littafi an gaya maka mai laifi. Wannan sabon ya bi mu har cikin littattafan da muke karantawa a waya yau, inda marubuciya ba ta isa ta rufe labari ba sai muguwar kishiya ta haukace ko ta makance, in ba haka ba masu karatu su ce ba a ba da darasi ba. Shekspiya ma ya fara kamar zai bi wannan hanya, don sunan Malboliyo a harshen Italiya yana nufin mai mugun nufi. Ya ba ka hukunci a cikin suna, sannan ya shafe sauran wasan yana ƙwace hukuncin daga hannunka.

Malboliyo shi ne sarkin gidan Olibiya. Duk wanda ya tashi kusa da fada a Gumel, ko gidan hakimi a Sule Tankarkar ko Gagarawa, ya san irin mutumin. Shi ke riƙe da makullin rumbu, shi ke sanin mudu nawa aka auna yau, shi ke cewa baƙo ya jira a zaure. Ba ɗan gida ba ne, amma 'ya'yan gida suna shakkarsa. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba ya makara. Kuma ba a son sa.

Akwai dalilin ƙin nasa, bai kamata a ɓoye ba. Farkon fitowarsa a wasan, cin mutuncin Feste ya yi, wawan gidan, a gaban uwargijiyarsu, daidai lokacin da Feste ya dawo daga yawon da ya tafi ba izini, ana barazanar korarsa. Wato ya ga mutum a bakin rijiya ya sa hannu zai tura. Olibiya da kanta ta gaya masa cewa son kai ya zame masa ciwo. Da aka aike shi ya kai wa Sizariyo zobe, jefar da shi ya yi a ƙasa don yaron ya sunkuya ya ɗauka. Sannan, tun kafin ya tsinci wasiƙar da aka ɗana masa, mun ji shi shi kaɗai a lambu yana mafarkin ya auri Olibiya, ya tashi daga shimfiɗarta ya sa rigar alfarma, ya aika bayi su kira masa kawunta Tobi, Tobi ya zo ya rusuna, shi kuma ya yi masa wa'azin barin giya. A cikin mafarkin nan kaf babu wurin da ya ambaci kyan Olibiya ko halinta. Kujera yake so, da ganin wanda ya raina shi a durƙushe.

To amma a duba daren da rigimar ta samo asali. Gida yana cikin makoki. Tsakar dare Tobi da abokinsa Andaru da Feste suna buge suna rera waƙa da ƙarfi. Mariya, mai yi wa Olibiya hidima, ta riga ta zo ta gargaɗe su. Malboliyo ya fito ya ce uwargida ce ta aiko shi, ko su natsu ko su bar gidan. Wane laifi ya yi a nan? Aikinsa ke nan, don shi ake ba shi abinci. Da a gidan waninmu ne aka yi rasuwa, wani kawu ya tara 'yan shaye-shaye a soro suna kiɗa, da mu ne za mu fara neman irin su Malboliyo. Tobi ya mayar masa da martani da cewa shi ba kowa ba ne face bara, ya kuma tambaye shi ko kamun kansa zai hana sauran jama'a jin daɗin duniya. A nan 'yan kallo kan yi tafi, don maganar tana da daɗi a kunne. Ba su lura cewa mai faɗarta da abincin wani yake jin daɗin duniyar ba.

Wani kuskure da nake jin tsoron mai shirya wasan a ƙasarmu zai yi shi ne ya mai da Malboliyo ustazu, ya ɗage masa wando ya sa masa carbi. Jarrabar yin hakan tana da ƙarfi, don Mariya ta ce wani lokaci yakan yi kama da 'yan Furitan, masu tsananin addini na Ingila a zamanin, waɗanda suka tsani gidajen wasa, har a 1642 majalisar da suke da ƙarfi a cikinta ta rufe gidajen, ba a sake buɗe su sosai ba sai 1660. Amma Mariya ba ta rufe baki ba sai da ta janye maganar, ta ce shi ba ɗan Furitan ba ne, mai bin inda iska ta kaɗa ne kawai. Kuma a duk wasan ba mu ji ya kafa hujja da littafin addini ba. Dokarsa ita ce tsarin gida da girman muƙami. In za a yi masa sutura a dandalin Kwalejin Ilimi ta Gumel, a ba shi babbar riga mai sitaci da tarin makullai, a bar carbi a aljihun wani.

Tarkon Mariya mai sauƙi ne. Rubutunta yana kama da na uwargijiyarta, sai ta rubuta wasiƙar soyayya ta yar a hanyarsa. Wasiƙar ta umarce shi ya sa doguwar safa ruwan ɗorawa, ya naɗe ƙwaurinsa da igiya a gicciye, ya riƙa murmushi ba ƙaƙƙautawa, ya riƙa yi wa Tobi gatsali. Launin nan Olibiya ta tsane shi, murmushi kuma ba ya shiga gidan makoki. Malboliyo ya haɗiye ƙugiyar har da zare. Fitowarsa gaban Olibiya a wannan shiga tana daga cikin wuraren da suka fi ban dariya a duk abin da Shekspiya ya rubuta, kuma ni ban ga laifin mai dariya a nan ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da wasan ya tsaya a nan, da an yi adalci: mai girman kai ya sha kunya daidai girman kansa.

Bai tsaya ba. Olibiya ta ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi, ta ce a kula da shi da kyau, har ta ce ba za ta so wani abu ya same shi ba ko da za ta rasa rabin dukiyar aurenta. Sai ta danƙa shi a hannun Tobi, mutumin da ya fi kowa ƙinsa a gidan, ta juya ta tafi neman Sizariyo. Tobi ya sa aka ɗaure shi aka kulle a ɗaki mai duhu, yadda ake yi wa masu taɓin hankali a Ingila ta lokacin. Mu da muka san gidan mari, muka kuma ga hotunan mutanen da 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a ƙafa a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, ba ma bukatar a fassara mana wannan ɗakin. Mun san yadda abin yake: da zarar an ce mutum mahaukaci ne, duk gaskiyar da ya faɗa sai ta koma shaidar haukansa.

Feste ya sa gemun ƙarya da rigar limamin coci, ya canza murya, ya zo a matsayin mai fitar da iska. Malboliyo ya ce ɗakin duhu ne. Feste ya ce ƙarya ne, tagogi ne ko'ina haske na shigowa. Malboliyo ya roƙa a gwada hankalinsa da kowace tambaya. Feste ya tambaye shi ra'ayin Fitagoras, masanin Girka da ya ce ran mamaci yana iya komawa jikin tsuntsu. Malboliyo ya faɗi ra'ayin daidai, ya kuma ce shi bai yarda da shi ba, don yana ganin rai ya fi haka daraja. Feste ya ce to ya ci gaba da zama a duhu har sai ya yarda. A wurina nan ne Malboliyo ya fi girma a duk wasan. Kalma ɗaya ta “na yarda” ake nema daga bakinsa, yana ganin ita ce za ta buɗe masa ƙofa, ya ƙi faɗa. Taurin kan da ya sa muka tsane shi a tsakar gida, shi ne ya zama mutuncinsa a ɗakin duhu. Hali ɗaya ne, bai canza ba, mu ne aka canza mana wurin tsayuwa.

Akwai wani ɗan abu a nan da ke wucewa da sauri. Mariya ta gaya wa Feste cewa ai da bai wahalar da kansa da gemu da riga ba, tunda mutumin ba ya ganinsa. To don wa aka sa gemun? Don mu. Shekspiya ya nuna wa 'yan kallo da yatsa cewa azabar nan dominsu ake ƙawata ta, kuma suna cikin masu cin ribarta.

A kwatanta da namu wasannin tsokana. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda kan fito da tawagarsa a watan azumi ana farautar gwauro, a ɗaura masa igiya a zaga da shi. Akwai kunya a ciki, amma gwauro ya san wasa ne, ya san wanda ya kama shi, ya san Salla na zuwa. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, Bafulatani da jinin Barebari za su yi ta yankan juna da baƙar magana a kan ciniki, kowa ya kira ɗan uwansa bawansa, a rabu ana dariya, don dukansu biyu sun gaji ƙa'idar wasan daga kakanni, kuma kowa yana da damar ramawa. Haka wasan taubasai yake. Malboliyo shi kaɗai ne a Iliriya bai san ana wasa ba. Bai san wa ya kama shi ba, bai san ranar sakinsa ba, ba shi da bakin ramawa. Wannan ya fi kama da abin da muke yi yanzu da waya, a ɗauki hoton mutum a ranar da ya fi kowace rana muni a rayuwarsa, a watsa, dubban da ba su san shi ba su yi dariya su wuce.

Tobi shi ne ya fi wuyar hukunci, don yana da daɗin zama. Sunansa na biyu ma ma'anarsa gyatsa. Duk inda ya shiga sai an yi raha, kuma da Sabastiyan ya kai wa Andaru duka, Tobi bai gudu ba, ya zare takobi. Amma a bi sawun kuɗi. Ya kawo Andaru gidan ne da alkawarin zai sama masa auren Olibiya, don ya ji yana samun dukat 3,000 a shekara, kuma da bakinsa ya yi alfaharin ya ci wajen 2,000 daga ciki. Dillalin shanu a Maigatari sai an sallama ake ba shi la'ada. Tobi la'ada yake ci a kan saniyar da ya san ba ta sayarwa ba ce. Duk saurayin da ya taɓa sayar da riɗinsa ko zoɓonsa da kaka, ya kwashi kuɗin ya miƙa wa wani “kawun yarinya” da ya ce a bar masa komai a hannunsa, zai gane Andaru tun daga nesa. Tobi ya haɗa shi faɗan takobi da Sizariyo don nishaɗi kawai, ya tsorata shi har ya ba da dokinsa fansa, Tobi ya yi niyyar riƙe dokin. A ƙarshe, dukansu biyu kai a fashe, Andaru ya matso ya ce bari ya taimaka masa a ɗaure musu raunin tare. Tobi ya juyo ya zazzage shi da zagi a gaban jama'a, ya kira shi jaki kuma wawa. Kuɗi sun ƙare, abota ta ƙare.

Ko dakatar da azabar Malboliyo da ya so yi, ba tausayi ne ya kawo ta ba. Ya faɗa a fili cewa ya riga ya ɓata da 'yar ɗan uwansa, ci gaba da wasan zai iya jawo masa asara. Kuma mene ne sakamakonsa? Aure. Ya auri Mariya tukuicin wasiƙar da ta rubuta.

A nan ne rashin adalcin Iliriya ya fito fili. Tobi mai sarauta ya auri mai hidima, ba wanda ya ce uffan. Olibiya ta zuba wa yaron da take ɗauka baran Orsino ne soyayya, ta ja shi gaban limami. Orsino zai auri wadda ta yi masa barantaka wata uku. Kowa ya tsallake katangar matsayi an yi masa guɗa. Mutum ɗaya ne ya yi mafarkin tsallakawa, mafarki kawai, aka ɗaure shi a duhu. Bambancin shi ne su an haife su a cikin gidan girma, ko sun faranta wa masu gidan girma, shi kuwa aikinsa kawai ya iya.

Andaru wawa ne kuma matsoraci, yana cikin masu leƙe a bayan shuka suna dariya lokacin da Malboliyo ke karanta wasiƙa, alhali shi ma a cikin tarko yake zaune. Sau ɗaya ya ce shi ma an taɓa son sa a da. Ɗan wasa mai hankali zai faɗi wannan a hankali, ya bar zauren ya yi shiru. Mariya kuwa ta fi duk mazan gidan kaifin ƙwaƙwalwa, kuma Malboliyo ya yi mata barazanar kai ƙararta a kan laifin da ba ita ta yi ba, don haka tana da nata ciwon. Sai dai ta yi amfani da amanar da ta fi kowace girma a hannunta, wato kamannin rubutunta da na uwargijiyarta. Da asiri ya tonu, Fabiyan, wani ma'aikacin gidan da shi ma yake da tsohuwar ƙullalliya da Malboliyo, ya ce shi da Tobi ne suka kitsa, Mariya matsa mata aka yi. Mu da muka kalli wasan mun san ita ta kawo dabarar tun farko. Ko ikirarin laifin ma da gyara a cikinsa.

Feste ya fi ba ni tsoro. Muna son sa don waƙoƙinsa da hikimarsa, kuma shi kaɗai ne yake ganin kowa yadda yake. Talaka ne mai cin abinci da bakinsa, yau yana gidan Olibiya gobe yana fadar Orsino, kullum yana lallaɓar a ƙara masa kwabo a kan kwabo. Mun san shi: shi ne wawan sarki, shi ne ɗan kama, shi ne maroƙin da ake ba kyauta rabi don so rabi don tsoron zambo. Malboliyo ya taɓa masa tukunyar abinci, bai manta ba. Bayan ya gama da shi a rigar limami, ya dawo da muryarsa ta gaskiya ya yi alkawarin kawo masa fitila da takarda da tawada, ya kuwa cika. Wannan alheri ne. Amma da aka ba shi wasiƙar ya kai wa Olibiya, sai ya riƙe ta, ya ce wasiƙar mahaukaci ba ta da gaggawa. Da ya tashi karantawa, da muryar mahaukaci ya fara, sai da Olibiya ta karɓe ta ba Fabiyan. Sannan, a lokacin da kowa ke neman a yi sulhu, Malboliyo yana tsaye a wulaƙance, Feste ya matso ya maimaita masa zagin da ya yi masa tun farkon wasa, kusan kalma da kalma, ya ce zamani ne ya juyo. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, gaskiya ne, amma wannan ramuwar ta wuce kima, kuma mai hikimar gidan ne ya yi ta da idonsa a buɗe.

Masoyan ba sai an daɗe a kansu ba. Orsino son soyayya yake yi fiye da son Olibiya, kuma da ya ga ta fi son yaronsa, cewa ya yi zai yanka yaron don ya ƙona mata rai. Bayan 'yan mintoci ya nemi auren wannan yaron da ya zama yarinya. Olibiya ta yi alwashin shekara 7 tana makokin wanta a lulluɓe, abin da ko takabar miji ta wata 4 da kwana 10 ba ta kai ko kusa ba, alwashin bai wuce zuwan kyakkyawan ɗan aike na farko ba. Sabastiyan ya ga mace ba ta san shi ba tana kiransa da fara'ar wanda ta sani, ya yi zargin akwai kuskure ko taɓin hankali, ya karɓi lu'ulu'u ya bi ta wurin limami. Biyola ce mai tsabtar zuciya a cikinsu, duk da haka a kan ƙarya take zaune, kuma da aka kama Antoniyo a gabanta ya kira ta da sunan ɗan uwanta, ta fahimci inda maganar ta dosa, ta yi shiru ta bar dogarai suka tafi da shi.

Antoniyon nan shi ya tsamo Sabastiyan daga teku, ya bi shi har garin da ake nemansa ruwa a jallo, ya ba shi jakar kuɗinsa. A idon Orsino ɗan fashin teku ne da ya ƙwace masa jirgi, a faɗan da ɗan ɗan uwansa ya rasa ƙafa. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. An gama rabon aure, babu wanda ya buɗe baki ya ce a sake shi.

Su kansu Turawan ba su tsaya a kan ra'ayi ɗaya ba. Wani ɗalibin lauya, John Manningham, ya kalli wasan a zauren makarantar lauyoyi ta Middle Temple a Landan ranar 2 ga Fabrairu 1602, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa dabarar da aka yi wa sarkin gidan ta burge shi. Ba a buga wasan ba sai 1623, shekara 7 bayan mutuwar Shekspiya. Shekara 200 da 'yan kai bayan kallon Manningham, marubuci Charles Lamb ya tuna yadda ɗan wasa Robert Bensley ya fito a Malboliyo da kwarjini, ya ce faɗuwar mutumin ta taɓa masa zuciya kamar a wasan ban tausayi. A 1884 Henry Irving ya ja abin har ƙarshe a dandalin Landan, ya mai da ɗakin duhu wurin kuka, 'yan kallo da yawa ba su ji daɗi ba. Ina ganin Manningham da Irving kowa ya riƙe rabi ne. In aka mai da Malboliyo abin tausayi tun daga farko, dariyar lambu ta mutu, kuma in ba mu yi dariyar nan da zuciya ɗaya ba, ɗakin duhu ba zai ci mu ba. Dole mai shirya wasa ya bar mu mu tsane shi sosai, mu yi masa dariya har hawaye, sannan ya kashe fitila ya bar mu da muryarsa.

Da aka fito da shi, bai yi hauka ba, bai yi kuka ba. Ya miƙa wa Olibiya wasiƙar, ya jero tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, yana neman a gaya masa dalili. Olibiya ta duba ta ce rubutun Mariya ne, ta yi masa alkawarin shi zai zama mai ƙara kuma alƙali a shari'arsa. Fabiyan ya roƙa kada a ɓata ranar farin ciki, a ɗauki abin a matsayin raha, tunda kowane ɓangare ya cuci ɗaya. Malboliyo ya ce zai rama a kan dukansu, ya fita. Olibiya ta amsa cewa lallai an zalunce shi ƙwarai.

Orsino ya ce a bi shi a lallashe shi. Mai karatu zai so ya ɗauka tausayi ne, amma a saurari dalilin da ya bayar. Matuƙin jirgin da ya ceci Biyola a farkon wasa, wanda ta bar kayanta na mata a hannunsa, yana kurkuku, kuma Malboliyo ne ya kai ƙararsa aka tsare shi. Wato mutumin da muka gama tausaya wa don an kulle shi, shi ma yana da wanda ya sa aka kulle, mutumin kirki kuwa. Orsino ya ce ba zai daina kiran amaryarsa Sizariyo ba sai ya gan ta cikin kayan mata, kayan suna wurin matuƙin jirgi, matuƙin jirgi kuma ba ya fita sai da yardar Malboliyo. Kowa ya watse daga dandali a haka, Biyola tana sanye da wandon maza, aka bar Feste shi kaɗai yana waƙar iska da ruwan sama.